Inda Dogo Ya Tsaya

A nan Gaundare dogo ya ja numfashi ya tsaya.
Na san wurin: wani gungumen ƙarfe mai jan fenti,
akuyar maigadi na tuƙa a gindinsa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure kusoshin hanyar nan,
ban taɓa ɗaure wadda ta dubi arewa ba.

Sama kuwa sau ɗaya na hau ta,
ran da aka ce Yaya Balaraba na jin jiki a Injamena.
Sabi'u ya sayar da babur, ya yanko mini tikiti daga Garwa.
Mota ta lalace mana a gangaren dutse,
muka isa da ƙyar, muka yini muna gadin agogo.
Aka ce in tuɓe takalmi, na tuɓe.
Aka karɓe 'yar wuƙar gorona,
da kwalbar zumar da na riƙo mata.
Kafin in kai ƙarshen carbi
wata yarinya ta ce a ɗaura ɗamara, an iso.
Ban ga Binuwai ba, balle dorinar ƙasan gada,
ban ga farin dutsen Figil ba,
ban ga masakwa tana kore a tsakiyar rani ba.
An ɗauke ni an ajiye, kamar buhun gishiri.
Na same ta da rai. Zumar ta fara tambaya.

Jiya jikata Tasalla ta dawo daga jami'a
da takarda naɗe a hammata.
Ta buɗe waya, ta nuna mini jirgin ƙasa
mai dogon baki irin na zalɓe, fari fat, ba hayaƙi.
Ta ce, Kaka, a wasu ƙasashe wannan ya rage wa na sama ciniki.
Da za a shimfiɗa masa hanya a nan,
ka yi azahar a gida, la'asar ta same ka a Kusiri,
zumarka a cinya, ba mai taɓa ta.

Na ce, yarinya, sannu da gudu.
Zai tsaya a Mbe?
Matan da ke ɗaga doya a bakin titi,
in ya wuce su kamar walƙiya, wa za su miƙa wa?
Shanun da ke gangarowa kudu da kaka
ta ina za su tsallaka?
Wutar da ke ɗaukewa muna tsakiyar tuwo,
ita za ta ja wannan ƙato?

Ta yi shiru, ta ciji biro.
Can ta ce, zane ne tukuna, Kaka,
ko sisi ba wanda ya ware masa.

To, shimfiɗa shi a tabarma mu gani.
Na sa tabarau, na bi layin da farce.
Nan, bayan Marwa, laka ce baƙa,
da damina ta kumbura, da rani ta tsage,
in ba ki zurfafa tsakuwa ba, ƙarfe zai yi rawa.
Nan rafi ne mai barci cikin yashi,
ran da ya farka, ko gada ba ya gaisarwa.
Nan kuma sa 'yar tasha, ko ta minti biyu ce,
doya ba ta son dogon ciniki.
Ta rubuta. Hannunta ya fi nawa sauri.

Ni dai ba zan hau shi ba, na sani,
gwiwa ta riga ta ba ni labari.
Amma da ta miƙe za ta tafi
na jawo sifanata daga ƙarƙashin gado,
har yau ina shafa mata mai duk Juma'a.
Ta ce, Kaka, yanzu inji ke ɗaurewa.
Na ce, riƙe dai.
In kun kai Garwa, ki duba kusa ɗaya da hannunki.